Dije Za Ta Tafi Arlit

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Khadija, wadda duk faɗin Jidda ni kaɗai nake kira Dije.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe, ya kare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Na san za ki yi dariya, uwa tana gaida 'yarta a takarda alhali labule ne kawai ya raba shimfiɗunsu. Yi dariyarki. Bakina ne ya kasa, shi ya sa na ɗauko biro. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, karatun Hausarki kuma na 'yan Jidda ne, saboda haka ki bi shi sannu a hankali. Inda ya gagare ki, ki karanta da ƙarfi, don kunnenki ya fi idonki jin Hausa.

Kin ce za ki ajiye aikinki na asibiti ki tafi Arlit, garin da mahaifinki ya yi aikin haƙar yuraniyom, ki shiga cikin matan da ke bi gida-gida suna auna kayan mutane don gano waɗanda ma'adinin ya gurɓata, suna kuma matsa wa hukuma a rufe tulin sharar da aka bari a bayan gari. Ni da ke mun san abin da tafiyar take nufi. Ranar da kika sa hannu a takardar fita ta ƙarshe, iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, ta mutu. In kin sake taka Jidda, sai dai ki zo Umra, baƙuwa a garin da aka yanke miki cibiya. Ni kuwa ga gwiwoyi, ga ciwon suga, ga kabarin mahaifinki a nan, babu inda za ni.

Kin durƙusa gabana kin ce, "Ummi, wallahi ma abgha, ba na so in tafi kina fushi da ni. Ba zan sa hannu ba sai kin yarda. Ki ce mini aiwa ko la, e ko a'a, halas."

Tun daga ranar, kullum kika taɓo maganar sai in ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Kin san wannan ba amsa ba ce, ni ma na sani. Amsar tana can ƙarshen takarda, amma kada ki tsallaka. Na san halinki, tun kina yarinya nama kike fara tsincewa ki bar mini tuwon. Yau sai kin bi ta kan kurakuraina tukuna, don su kaɗai ne guzurin da nake da shi da zai yi miki amfani a can.

Daga wani ƙauye kusa da Madawa aka kai ni Arlit, ina amarya, a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ban taɓa ganin fitilar da ake kunnawa a jikin bango ba sai a gidan da kamfani ya ba mahaifinki. Ga famfo a bakin layi, ga lopital, wato asibiti, ga kantin ma'aikata. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye miki ba. Ma'aikata suna da wurin da ake wanke musu kayan aiki a can luzin, wato masana'antar da ake niƙa dutsen. Ni na hana mahaifinki barin nasa a can. Na ce wankinsu ba ya fita, mijina ba zai yi yawo da dauɗa ba ina raye. Gaskiyar magana kuwa, so nake maƙwabta su ga kayan kamfani a kan igiyata. Kullum ya dawo sai in karɓi rigar in kakkaɓe ta a tsakar gida, daidai inda nake shanya kuɓewa, ƙura mai ɗan rawaya tana tashi tana sauka. In haɗa ta a baho ɗaya da zannuwana da kayan jariri.

Jaririn nan yayanki ne, ɗan farina, wanda har yau bakina bai saba da faɗin sunansa ba. Bai kai ga tafiya ba Allah ya karɓi abinsa. Ban san abin da ya same shi ba, kuma babu wanda zai iya gaya mini yanzu. Wani lokaci in ce ƙurar ce, wani lokaci in ce zazzaɓi ne irin wanda ke ɗaukar yara a ko'ina.

To ki saurara. Matan da za ki tarar a can masu tsafta ne, tsaftar ce ma ta kai wasunmu ga abin da muke gudu. Kada ki yi musu magana kamar ƙazamai. Ki fahimtar da su cewa wannan abin ba dauɗa ba ce da sabulu ke fitarwa. Kuma ko da wasa kada ki dubi uwa ki ce mata ga abin da ya kashe ɗanta. Ba ki sani ba, kuma ko kin sani, ba za ta iya ɗaukar maganar ta ci gaba da dafa wa sauran abinci ba. Ki yi mata maganar yaran da ke wasa a gabanta.

Kuskurena na biyu shi ne na tano, abin da 'yan Najeriya ke ce wa duro. A wancan lokacin rabin kayan gidajenmu daga luzin suka fito. Tsofaffin bututu, guntayen ƙarfe, wani kauri-kaurin yadi da ake tace ma'adini da shi, duk suna fitowa ta hannun wannan da wancan su faɗa kasuwa. Maƙera su ƙera tukwane da ludaya, magina su yi ƙyaure, mu mata mu shimfiɗa yadin ƙarƙashin katifa. Mahaifinki ya sayo mini wani tano shuɗi, ƙato, mai murfi. Na wanke shi da toka da omo har yana ƙyalli, na naɗe shi da buhu ina jiƙawa, ruwansa ya riƙa yin sanyi fiye da na kowa a layin. In ana suna ko biki, gidana ake aiko yara ɗibar ruwan baƙi.

Wata rana da hantsi sai ga sallama. Wata malamar lakwal ce, wato makarantar boko, Madam Fati, tana cikin mutanen farko da suka fara cewa kayan nan suna da illa. Ta shigo da jaka a kafaɗa. Maƙwabta kuwa, da yake baƙuwar fuska ce, tuni sun jeru a kan katanga da bakin ƙofa. Na shimfiɗa mata tabarma, na ɗebo ruwa a kwanon shan mahaifinki, na durƙusa na miƙa mata.

"Sannu da zuwa, Madam. Ga ruwa."

Ta dubi kwanon, ta dubi tanon. "Na gode, uwar gida, ba zan sha ba. Ina kuka samo wannan tanon?"

Hannuna yana nan miƙe da kwano. Ta buɗe jaka ta fiddo na'urar awo, ta kai ta jikin tanon. Sai abin ya kama ƙara kamar ana soya gyaɗa cikin yashi.

"Kin ji ko? Daga luzin ya fito. Guba kuke sha a gidan nan, kuna ba mutane."

Dije, ba zan iya kwatanta miki yadda jikina ya yi ba. A gaban matan layi, a tsakar gidana. Na miƙe na ce, "Madam, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ba baƙo guba ba. Ƙofar da kika shigo tana nan a buɗe." Na kafa kai na shanye ruwan kwanon tas tana kallo.

Ta fita, ta bar ni da tanona. Daga ranar aka daina aiko yara ɗibar ruwa gidana. A cikin raina na tsorata, ƙarar na'urar nan ba ta bar kunnena ba. Amma in na fitar da tanon, na yarda ke nan cewa shekara da shekaru guba nake shayar da mutane. Saboda haka na riƙe shi. Da ta same ni ni kaɗai ta yi mini magana a hankali, da kafin la'asar na yar da shi. Saboda jin kunya muka ci gaba da shan ruwansa har muka bar garin. Matar nan gaskiya ta faɗa, kuma don mu take wahala, ba biyanta ake yi ba. Na daɗe ina jin haushinta, yanzu kuwa addu'a nake yi mata.

Wannan shi ne babban abin da nake so ki riƙe, don na san shi zai fara cin karo da ke. Duk gidan da kika shiga za a ba ki ruwa. In kin sha, kin sha abin da kika zo hanawa, kuma hankalina ba zai kwanta ba. In kin ƙi, kin zagi matar gida, kuma ba za ta ƙara jin komai daga bakinki ba. Na daɗe ina juya wannan a raina, ga abin da na gano. Ki riƙe azumin Litinin da Alhamis, kuma a waɗannan ranakun ne za ki riƙa shiga gidajen da ba ki taɓa shiga ba. In an miƙo kwano ki karɓa da hannu biyu, ki ce, "Ayya, Inna, da azumi a bakina." Babu wadda za ta ji haushi, sai ma ta sa miki albarka. Amma ki yi shi da gaske, ki ɗaura niyya don Allah. Kada ki yi ƙaryarsa, gari ne da kowa ya san abin da kowa ya ci. Zafin can ba irin na Jidda ba ne, busasshe ne, yana tsotse mutum bai sani ba, saboda haka ki yi sahur na kirki, ki bar wannan halin naki na shayi da biskit.

Zuwan farko ki bar na'urar a jaka. Ki gaida mai gida, ki tambayi yara, ki taya tsinke zogale in kin tarar ana yi. In kin koma, ki jira sai masu leƙe sun watse. Ki ba ta na'urar a hannunta ta kai jikin kayanta da kanta, ta ji da kunnenta. Kuma kada ki raba mace da mazubin ruwanta ki bar mata wurin fayau. Ku nemi randa ko wani tanon mai lafiya ku kawo. In maƙwabta sun tambaya, ki bar ta ta ce gajiya ta yi da tsohon. Ba sai kowa ya san ke kika sa ba.

Na uku ya fi yi mini ciwo. Lokacin mahaifinki ya fara tari, yana ramewa a tsaye. Su Madam Fati suka kira taro a filin lakwal, suka ce duk ma'aikacin da ke da abin faɗa ya zo ya faɗa. Mahaifinki mutum ne mai shiru, kin gado idonsa amma ba ki gado wannan ba. Ranar ya ce mini zai je. Ya ce yana so ya tambaya a gaban jama'a me ke cikin ƙurar da suke shaƙa. Ni kuwa abin da na hango shi ne gidan kamfani, da fitila, da katin lopital, da ranar da za a ce mu kwashe kayanmu. Ban yi masa musu ba. Yana banɗaki yana wanka, na ɗauko babbar rigarsa, ita kaɗai ce ta shiga taro, na tsoma ta cikin baho.

Ya fito ya tsaya yana kallon rigar cikin ruwa. Sannan ya ce, "Rabi, ashe wanki kike yi."

Na ce, "E, na ga ta yi dauɗa."

Ya koma ya zauna a kan tabarma ya kunna rediyo. Har ya bar duniya bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake cewa zai je wani taro ba. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi. Ko a lopital, da likita ya rubuta magani, ban buɗe baki na tambayi sunan ciwon ba. Na ce daga Allah ne, kuma daga Allah ɗin ne, amma tambaya ba saɓo ba ce. Tsoron amsar nake yi.

Saboda haka in kun kira taro kuka ga maza ba su zo ba, kada ki ce matsorata ne. Ki san akwai riguna da yawa a cikin baho. Ki je wurin matan, ki zauna, ki bar su su gaya miki abin da suke tsoron rasawa, kada ki raina shi. Ke kina da fasfo da ɗan ilminki, in abu ya yi zafi kina iya matsawa wani gari. Su a nan za su kwana. In za ku je gaban hukuma, ki bar tsofaffin ma'aikata da matan da mazansu suka rasu su fara magana. Ke ki riƙe biro, ki tabbata an rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi. Bakin nan naki mai kaifi ki adana shi sai inda nasu ya gaza.

Sauran labarin kin san gutsattsarinsa. Da jiki ya ƙi, mahaifinki ya bar aiki ya ce yana so ya ga Ka'aba kafin ya tafi. Muka taho ina ɗauke da cikinki. Ya sauke farali da ƙyar, amma komawa gida ta gagara, a Jidda ya cika. Matan unguwar Karantina ne suka ɗauke ni, ban san kowa ba, ba na jin Larabci, ko "ta'ali". Khala Zainabu, Bahaushiyar Sudan ɗin nan da kike kira uwarki ta biyu, ita ta ba ni gefen ɗakinta, kuma a hannunta kika faɗo. Da ita muka yi ta soya waina muna kaiwa Bab Makka, har Allah ya kawo lokacin gyaran takardu na samu kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya mini.

A nan na yi kuskure na huɗu, wanda ya fi sauran tsawo. Na rufe bakina. Na ce Arlit ta ci mini ɗa ta ci mini miji, ba za ta ji ko ƙanshinki ba. Kika taso da Larabci, na ji daɗi. In kin yi Hausa kin karkace ta sai mu yi ta dariya ni da Khala, har kika daina yi a gaban mutane. Da kika samu aiki a ɗakin hoto na asibiti, kika dawo wata rana kina ba ni labarin ƙofa mai nauyi, da rigar dalma da ake sawa, da ɗan abin da ake maƙala wa ma'aikata a ƙirji don a san yawan tururin da ya shige su. Sai kika ce, "Ummi, to Baba shi esh yake sawa?" Na ce ki tashi ki duba shinkafa kada ta kama. Na ga fuskarki a lokacin. Daga nan kika nemi lambar Gwaggonki Mariya, ƙanwar mahaifinki da ke can, ita ta gaya miki abin da ya kamata ki ji daga bakina, ita kuma ta haɗa ki da matan nan. Na yi zaton in na ɓoye miki garin zai ƙyale ki. Ga shi kin tattara za ki tafi masa gaba ɗaya.

Tun da ban koya miki ba a kan lokaci, bari in yi miki na gaggawa. Za su yi wa Hausarki dariya, za su kira ki 'yar Makka. Ki bar su su dara, ki taya su. Matar da ta yi miki dariya ta gyara miki magana ta riga ta saki jiki da ke. Amma don Allah kada ki ce wa tsohuwa "yalla", kada ki ce wa dattijo "halas" yana tsakiyar zance. Gaisuwa a can ba a tsaye ake yin ta ba, kuma ba a gaggauta ta. Sai kin tambayi gajiya, da gida, da yara, da zafi, a sake zagayowa. In tsofaffin ma'aikata suka zaunar da ke shan shayi irin na Buzaye, ranar da ba ki azumi, ki kai musu ruwan da kika yarda da shi a matsayin gudummawa, kuma kada ki tashi kafin kofin ƙarshe. Abin da kika zo ji ba ya fitowa a kofin farko. Wasu daga cikinsu sun san mahaifinki. Ki tambaye su shi, za su gaya miki abubuwan da ni ban sani ba.

Akwai abu ɗaya da ke ma kin gani da idonki, sai dai ban sani ba ko kin ɗauki darasinsa. Kin tuna ranar da muka wayi gari da jan fenti a bangonmu na Karantina, alamar za a rushe? An yi ta faɗa mana tun kafin nan, kin yi ta cewa mu nemi wuri. Na ce ba inda za ni, bangon nan ya san kukanki na farko. Na zauna har sai da aka yanke wuta, muka kwashe kaya a gurguje, na bar turmina da tukunyar waina. Maƙwabtan da muka yi rabin rayuwa tare suka watse, wasu ko sallama ba mu yi ba. Da ba don Allah ya sa Khala Zainabu ta samu ɗaki kusa da mu a nan Madain Fahd ba, da ban san yadda zan yi ba. Laifina ne, taurin kai ne, na yarda. Amma Gwaggonki ta ce a can akwai gidajen da aka yi daɓensu da bangonsu da duwatsun sharar luzin, kuma na'urarku tana kuka a cikinsu. Ranar da za ki gaya wa wani tsoho cewa ɗakinsa ba ya kwanuwa, ki tuna uwarki zaune a kan akwati tana ƙin tashi. Kada ki shafa wa gidan kowa alama a waje. Ki fara tambayarsa inda zai kwana, kuma ku nema tare.

Zan gaya miki wani abin kunya. Ina kewar garin nan. Duk abin da ya yi mini, ina kewarsa. Ina kewar sanyin asuba lokacin da motocin ma'aikata ke jeruwa, mahaifinki yana ɗaga mini hannu ta taga kamar wanda zai yi nisa. Ina kewar cukun da matan Buzaye ke kawowa, da sararin da ba shi da iyaka in ka fita bayan gari, da yadda ake kiran sunana daga ƙarshen layi. Can na yi ƙuruciyata, can aka fara ce mini uwar gida. A nan na fi daɗewa, amma har yau in na yi mafarki a tsakar gidan can nake ganin kaina. In kin isa ki riƙa aiko mini da murya a waya. Ba sai kin yi magana mai tsawo ba, ki bar ta a buɗe in kina kasuwa in ji hayaniyar mutane.

Ke ma na fara kewarki tun kina nan. In na ji makullinki a ƙofa da yamma sai in ce saura kaɗan in daina jin wannan. Jiya da kike shafa mini man zafi a gwiwa kina yi mini faɗan na sha shayi da suga, na rufe ido ne don kada ki ga abin da ke cikinsu, kika zaci barci ne.

To ga abin da ya riƙe bakina duk wannan lokacin. Ba tsoron hanya ba ne, ko da yake ina tsoronta. Ba tsoron ƙurar ba ne, don ke kin san yadda ake kiyaye ta fiye da yadda muka sani. Son kaina ne. Na ga yadda ake yi wa baƙuwa in ta mutu a garin nan. Mota ta zo, a kai ta wurin wankan gawa, ma'aikatan da ba su san sunanta ba su yi abin da ya wajaba, kafin dangi su ji labari an gama. Tun ranar da aka haife ki nake kwantar da hankalina da cewa ni ina da mai tsaya mini. Ina da wadda za ta shiga ɗakin, ta riƙe mini zane, ta warware mini kitso da hannun da na sani. Da kika zo da maganar tafiya, wannan ne ya fara faɗo mini a rai, ba matan Arlit ba, ba 'ya'yansu ba. Na ji kunyar faɗa, shi ya sa na yi ta laɓewa bayan addu'a.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na ja ƙafata na tafi wurin Khala Zainabu. Na zauna na kasa farawa, sai da ta ce, "Ya Hajja, lafiya? Tun ɗazu kike juya finjali."

Na gaya mata. Na ce ina roƙon alfarma, in ta riga ta ji labarina, ta shiga ta tsaya mini a madadinki.

Ta harare ni. "Ke da ciwon suga, ni da hawan jini, wa ya ce miki ke za ki riga? Tayyib. In kin riga ni, ni zan tsaya. In na riga ki, 'yata Su'ad za ta tsaya, zan sa ta yi mini alkawari yau ɗin nan. Yarinya a hannuna ta faɗo, ba zan bari ki ɗaure ta da likkafaninki ba. Sha shayinki."

Saboda haka wannan nauyin ya sauka daga kanki, an riga an ba wasu. In wata rana aka kira ki aka ce jikina ya yi tsanani, kada ki watsar da aikin mutane ki kama gudun neman biza. Ba za ki iso a kan lokaci ba, a nan ba a jira. Ki yi alwala a inda kike ki roƙa mini gafara, zai same ni.

Na yarda, Dije. Da zuciya ɗaya na yarda, ba irin yardar da ake yi ana cizon haƙori ba. Gobe in kin tashi kada ki yi mini maganar takardar nan, ba zan iya ba. Ki je ki sa hannu, ki dawo mu ci abinci.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauke ki lafiya. Allah ya tsare ki a sama da ƙasa, da doguwar hanyar da ke bayan Agadas. Allah ya buɗe miki ƙofofin da aka rufe, ya sanyaya harshenki, ya ba ki haƙuri da masu hali irin nawa. Allah ya jiƙan mahaifinki da yayanki, ya sa aikinki ya zama haske a kabarinsu. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. In da rabon mu sake ganawa a nan, alhamdu lillahi. In babu, Allah ya haɗa fuskokinmu a inda ba a neman iƙama.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi
Madain Fahd, Jidda